Tarken Tsarin Kwamitin Gudanar da Makarantun Firamare: Matsayin Unguwannin Hausawa a Fatakwal da Anaca da Inugu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2005 ne Majalisar Ƙasa Kan Harkokin Ilimi, wadda ta ƙunshi Ministan Ilimi da kwamishinonin ilimi na jihohi, ta amince da a kafa wa kowace makarantar gwamnati ta matakin ilimin farko kwamitin gudanarwa daga cikin al'ummar da makarantar take yi wa hidima. Wannan shi ne kwamitin da malamai suka fi sani da taƙaitaccen sunansa na SBMC. Hikimar da aka gina tsarin a kanta ba ɓoyayya ba ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in da ke zaune a hedikwatar jiha ba zai riga mutanen unguwa sanin cewa iska ta yaye rufin aji ba, ko kuma wani malami ya kwana uku bai leƙo makaranta ba.

Manufar wannan sharhi ita ce auna tsarin a wani wuri da ba a cika auna shi ba, wato unguwannin Hausawa na biranen Fatakwal da Anaca da Inugu. Tambayar da muka sa a gaba guda ɗaya ce: da tsarin ya ce al'umma, wa yake nufi? Matsayinmu shi ne, an ɗinka wannan riga ne daidai da jikin ƙauye mai basarake ɗaya da harshe ɗaya, saboda haka ba ta rufe mazauna zango ba. Za mu kuma nuna cewa wannan giɓi ya shafi masu tsara manhajar Hausa kai tsaye, tun da yake a waɗannan birane kwamitin makaranta ne ƙofar da ta fi kusa wadda darasin Hausa zai iya shiga aji ta cikinta.

2.0 Abin da Tsarin ya Tanada

Asalin tsarin yana cikin shirin ilimin bai-ɗaya wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a shekarar 2004. Dokar ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya sa ɗansa a makaranta har ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi gargaɗi da tara da ɗauri ga wanda ya ƙi. Haka nan ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin shirin, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi tallafi. Gudanar da makarantun kuwa yana hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi.

Kwamitin gudanarwa shi ne matakala ta ƙarshe a wannan tsani. Ƙa'idojinsa sun raba kujeru bisa rukuni-rukuni: shugaban makaranta, da wakilan malamai, da na ɗalibai, da na ƙungiyar iyaye da malamai, da na tsofaffin ɗalibai, da na ƙungiyoyin mata, da na masu sana'o'in hannu, da na addinai, sai kuma basaraken yankin ko wakilinsa. Daga cikin ayyukansa akwai tsara jadawalin bunƙasa makaranta, da sa ido kan zuwan malamai da ɗalibai, da jawo yaran da ke gida zuwa aji, da neman gudummawa domin ƙananan gyare-gyare. Ɗaukar malami da biyansa da sallamarsa ba sa cikin ikonsa.

Wajibi ne a yaba wa tsarin ta fuskoki biyu. Ta farko, ya faɗaɗa da'irar masu magana fiye da yadda tsohuwar ƙungiyar iyaye da malamai ta yi, wadda a wurare da yawa aikinta ya tsaya ga karɓar kuɗin karo-karo. Ta biyu, ya amince da cewa akwai masu rauni da ake dannewa a taro. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara da Legas da Inugu, ya ƙarfafa wannan ta hanyar kafa ƙananan kwamitocin mata da na yara a ƙarƙashin babban kwamiti. Ke nan masu tsarin sun gane cewa jinsi da shekaru suna iya hana mutum baki. Abin da ba su ba wa irin wannan kulawa ba shi ne baƙunta da harshe.

3.0 Su Wane ne Mazauna Waɗannan Unguwanni?

Zaman Hausawa a tsohuwar Jihar Gabas ba na jiya ba ne. Binciken Egodi Uchendu kan tarihin Musulunci a yankin ya nuna cewa maharban giwa daga Arewa sun sauka a Elele, cikin ƙasar Ikwerre, tun a ƙarshen ƙarni na 19. Da aka kammala layin dogo tsakanin Fatakwal da Inugu a 1916 domin jigilar kwal, daga baya kuma ya haɗu da na Arewa, sai fataucin shanu da kayan gwari ya sami hanya. Anaca kuwa kogin Kwara da babbar kasuwarta suka jawo mata fatake. Zaman ya yi ƙarfin da a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe.

Sai dai zaman ya sha tsinkewa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kwashe 'yan Arewa daga yankin, kamar yadda suka kwashe 'yan Gabas daga Arewa. A watan Fabrairu na 2006 an yi ramuwar gayya a Anaca bayan kashe-kashen Maiduguri, aka rasa rayuka, aka ƙona masallatai, mutane da dama suka tsallake gada zuwa Asaba. A watan Oktoba na 2020 kuma tarzoma ta shafi Oyigbo da ke gefen Fatakwal. Mun kawo wannan tarihi ne domin yana da alaƙa da makaranta. Kowace ƙaura tana yanke karatun yaro, tana kuma ƙara wa iyaye tunanin cewa zamansu na wucin gadi ne, alhali kwamitin makaranta yana buƙatar mutanen da suka ɗauki gari a matsayin gida.

Ya kamata a bambanta rukuni biyu da ake yawan haɗa su a kwando ɗaya. Akwai 'yan ci-rani, waɗanda akasarinsu maza ne da suka baro iyali a gida. Akwai kuma zaunannu, waɗanda aka haife su a nan, wasu ma a nan aka haifi iyayensu, suna jin Ibo da Turancin buroka kamar yadda suke jin Hausa. 'Ya'yan wannan rukuni na biyu su ne abin maganarmu. Bugu da ƙari, sunan Hausawa a waɗannan birane laima ce da ta rufe Fulani da Barebari da Nufawa da mutanen Jamhuriyar Nijar, waɗanda harshen Hausa ne ya haɗa su.

Unguwannin suna da nasu tsarin shugabanci. Akwai Sarkin Hausawa, da limamai, da shugabannin kasuwanni, da masu gida waɗanda suke saukar da baƙo su tsaya masa a ciniki. Abner Cohen ya yi bayanin irin wannan tsari dalla-dalla a nazarinsa na Sabo ta Ibadan wanda aka buga a 1969. Abin lura a nan shi ne, zango al'umma ce mai tsari wadda ta iya tara kuɗi da sasanta rigima da gina masallaci. Irin ƙarfin da kwamitin makaranta yake nema ke nan.

4.0 Inda Tsarin ya Gaza

4.1 Kujerar basarake da batun asali

An raba kujerun kwamiti bisa matsayi a cikin gari, ba bisa yawan yaran da kowane ɓangare yake da su a rajista ba. A ƙauyen Jigawa wannan ba matsala ba ce, domin dagaci da limami da shugabar mata duk iyayen yaran makarantar ne ko kakanninsu. A Anaca ko Inugu kujerar basarake ta Igwe ce ko wakilinsa, a Fatakwal kuma ta sarakunan masu ƙasa ce, kuma haka ya dace. Kujerar tsofaffin ɗalibai da ta ƙungiyoyin mata su ma bisa al'ada za su tafi ga waɗanda suka fi daɗewa da alaƙa da makarantar. Saboda haka yana yiwuwa a cika kowace kujera bisa ƙa'ida, babu wanda ya yi zalunci, amma a tashi babu mutum ɗaya daga unguwar da take turo wani kaso na ɗaliban.

A nan ne muke ganin saɓani tsakanin doka da tsari. Dokar 2004 da ta ɗora wa uba wajibi ba ta tambayi jiharsa ta asali ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini. Amma a aikace takardar shaidar asali tana da ƙarfi a hidimar jihohi, har ta kai a 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, ciki har da malamai, kuma da yawansu Ibo ne daga maƙwabtan jihohi. A yanayin da Ibo yake zama baƙo a ƙasar Ibo, tsarin da ya yi shiru kan baƙo ya bar shi a waje ke nan.

4.2 Kujerar addini da mallakar makaranta

Tarihin makarantun Gabas ya bambanta da na Arewa. Mishan ne suka kafa mafi yawansu, ƙungiyoyin ci gaban gari kuma suka taimaka da fili da gini. Bayan yaƙi, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya ƙarƙashin Ukpabi Asika ta karɓe su da dokar ilimi ta 1970. A watan Nuwamba na 2011 gwamnatin Peter Obi ta Jihar Anambara ta mayar da makarantun firamare 1,040 ga majami'un da suka kafa su, musamman Katolika da Angilika, tare da ci gaba da biyan albashin malamai daga baitulmalin jiha.

Mutane da yawa sun yaba wa wannan mataki, kuma shi ma wani nau'i ne na shigar da al'umma cikin gudanar da makaranta. Sai dai ya sauya ma'anar al'umma daga mazauna unguwa zuwa mabiya majami'a. Uba Musulmi da ke zaune kusa da irin wannan makaranta a Anaca yana da tambayoyi na haƙiƙa: me ɗansa zai yi lokacin addu'ar safe, da lokacin darasin addinin Kirista, da ranar Juma'a? Wace sutura za a yarda 'yarsa ta sa? Sashe na 38 na Tsarin Mulki ya ba da amsa ta asali, inda ya hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko halartar ibadarsa ba tare da yardar iyayensa ba. Amma sashen doka ba ya tsara jadawalin darasi. Wannan aiki ne na zaman fahimtar juna tsakanin shugaban makaranta da iyaye, kuma kwamiti ne mazauninsa. Idan babu uban a wurin, zai warware matsalar ta hanya mafi sauƙi gare shi, wato ya cire yaron.

4.3 Harshen taro

Tsarin bai ce komai ba game da harshen da za a yi taro da shi, domin ya ɗauka cewa mahalarta harshensu ɗaya. A Anaca da Inugu taron unguwa da Ibo ake yi, a rubuta rahoto da Ingilishi. A Fatakwal, inda harsuna suka yi yawa, Ingilishi da buroka ne suke haɗa jama'a. Zaunannen Bahaushe yana iya ciniki da waɗannan harsuna, amma muhawara kan kasafin kuɗin gyaran aji wani fage ne daban. Takardar gayyata da aka rubuta da Ingilishi aka ba yaro ya kai gida, a gidan da karatun ajami da Larabci aka fi sani, ba ta isar da saƙo ba.

Matsalar ta fi tsanani ga mata. Uwa ce ta san ranar da yaro bai je makaranta ba da dalilin rashin zuwansa. A gidajen da ake kulle, ko inda mace ba ta saba zama cikin taron maza ba, kujerar ƙungiyoyin mata ba za ta kai gare ta ba sai an bi ta hanyar da ta saba, kamar makarantar Islamiyya ta matan aure. Ƙaramin kwamitin mata irin wanda aka gwada a Kano da Jigawa zai yi amfani a nan, muddin an yarda ya yi zamansa da Hausa.

4.4 Manhajar Hausa da yaron zango

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar masu karanta wannan rahoto. Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga bugun 1977 har zuwa na 2004 da na 2013, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen muhallinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka amince da manufar harshe da ta tsawaita hakan zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya bayyana soke ta da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai. An yi ta muhawara kan wannan sauyi, amma ga yaron zango bai rasa abin da yake da shi ba. Harshen muhalli a Anaca da Inugu Ibo ne. A Jihar Ribas kuwa, inda Kay Williamson da E. J. Alagoa suka jagoranci shirin samar da littattafan karatu da harsunan jihar tun daga 1970, harsunan masu ƙasa ne abin nufi. Kalmar "ko" da ke tsakanin harshen uwa da harshen muhalli ta daɗe da fitar da wannan yaro daga lissafi.

Abin da ya rage shi ne Hausa a matsayin darasi. A nan ma manhajojinmu iri biyu ne, kamar yadda horar da malamai a kwalejojin ilimi ya kasu biyu: Hausa ga mai harshen, da Hausa ga wanda yake koyon ta a matsayin harshe na biyu. Ta farko ta ɗauka cewa yaro yana zaune a ƙasar Hausa. Tana yi masa maganar damina da kaka da hunturu da bazara, da noman gero, da ƙira da jima da rini, da hawan salla da sarautun fada. Yaron da ya tashi a Fatakwal, inda ruwan sama yake cinye mafi yawan shekara, bai taɓa ganin zangarniyar gero a gona ba, bai kuma ga hawan daba ba sai a talabijin ko a waya. Ta biyu kuma tana farawa da gaisuwa da ƙidaya da sunayen sassan jiki, abubuwan da ya iya tun kafin a yaye shi. Ta farko ta yi masa nisa, ta biyu ta raina shi.

Wannan yaro mai harshen gado ne. Yana jin Hausa yana magana da ita a gida, amma bai iya karanta ta da rubuta ta da boko ba, kalmominsa kuma sun taƙaita ga gida da kasuwa da masallaci. An san abin da yake faruwa da Hausa idan ta daɗe a zango ba tare da makaranta ba. A Hausar zangunan Gana bambancin jinsin namiji da tamata ya ɓace a nahawu, haruffa masu lanƙwasa kuma sun narke cikin takwarorinsu, ta yadda ɓ da ɗ da ƙ suka koma b da d da k. Malamin da zai koyar da yaran zango yana buƙatar manhajar da ta sa ido kan waɗannan wurare, wadda za ta fara da ƙa'idojin rubutu da karatu, ta yi amfani da sanin baƙaƙen Larabci da yaro ya samo daga makarantar allo a matsayin gada, ta kuma ɗauko darussanta daga rayuwar da ya sani: fatauci, da kara, da dillanci da la'ada, da tafiyar albasa da tumatir daga Arewa zuwa Kudu, da zaman maƙwabtaka da mutanen da ba harshensu ɗaya ba. Daga nan sai a kai shi ga ganuwa da fada.

Irin wannan manhaja ba za ta rubutu a ofis kaɗai ba. Tatsuniyoyi da kacici-kacici da karin magana suna bakin tsofaffin matan unguwa, tarihin kafuwar zango yana wurin dattawa, kalmomin sana'a suna wurin masu sana'ar. Haka kuma babu shugaban makarantar da zai ware sa'a domin darasin da babu wanda ya nema. Muna jaddada cewa ba muna neman a maye gurbin darasin Ibo ba ne. Yaron da zai rayu a Anaca yana buƙatar Ibo, kuma alheri ne gare shi ya iya rubuta shi. Abin da muke nema ƙari ne. A ƙasar Suwidin doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta shirya darasin harshen gida idan an sami ɗalibai biyar masu buƙata da malamin da ya dace. Ƙa'ida mai sauƙi irin wannan, wadda take rataye da adadi da buƙatar iyaye, ita ce babu a tsarinmu.

4.5 Nauyin da ke kan zango

Ba adalci ba ne a ɗora wa tsari laifi duka. Shugabancin zango ya ƙware wajen hulɗa da hukuma kan abin da ya shafi kasuwa da tsaro da filin maƙabarta, amma makarantar gwamnati ba ta sami irin wannan matsayi a jerin buƙatunsa ba. Mai hali yakan kai ɗansa makarantar kuɗi, wani ya tura shi gida Arewa wurin dangi, wani ya wadatu da allo da Islamiyya. Wanda ya rage a makarantar gwamnati shi ne ɗan mai ƙaramin ƙarfi, wanda ubansa yake fita tun asuba ba ya dawowa sai dare. Ta haka masu baki suka janye, aka bar marasa baki.

Akwai darasi a tarihin maƙwabta. Tun kafin samun 'yancin kai Ƙungiyar Ibo ta gina wa 'ya'yanta makarantu a Sabon Garin Kano da kuɗin karo-karo, saboda ta ɗauki ilimin yaro a matsayin aikin ƙungiya. Al'ummar da ta iya gina masallaci mai hawa ba za ta kasa tura mutum biyu taron makaranta sau ɗaya a zangon karatu ba. Kujerar da ba a zauna a kanta ba kuwa, wani ne zai zauna.

5.0 Shawarwari

Bisa abubuwan da suka gabata muna ba da waɗannan shawarwari:

i. Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa da takwarorinta na jihohi su ƙara wa ƙa'idojin kwamiti wani sashe da zai tanadi kujera biyu, namiji da mace, ga duk wata al'ummar harshe da yaranta suka kai wani adadi a rajistar makaranta. A rubuta sashen ba tare da ambaton wata ƙabila ba, domin ya amfani Bahaushen Anaca kamar yadda zai amfani Ibo da Bayarabe a Sabon Garin Kano da na Zariya.

ii. A riƙa rubuta harshen gida na kowane yaro a ranar da aka ɗauke shi, a kuma shigar da wannan bayani cikin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, domin da shi ne za a san inda ake buƙatar malami.

iii. A fassara littafin jagoran kwamiti da takardun gayyata zuwa Hausa domin waɗannan unguwanni, a riƙa sanar da taro a masallaci bayan sallar Juma'a, a kuma sa tafinta a zaman kwamiti inda ake buƙata.

iv. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, tare da sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, su tsara manhaja ta uku domin masu harshen gado daga aji ɗaya zuwa shida, a gwada ta a 'yan makarantu kaɗan kafin a yaɗa ta.

v. A nemo malamai daga hanyoyin da ba su rataya ga takardar asali ba. Masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga Arewa kowace shekara, da masu takardar NCE ta Hausa ta irin shirin malaman tarayya da aka fara a 2006, za su iya riƙe darasin, malami ɗaya yana zagaya makarantu biyu ko uku da ke kusa da juna.

vi. A makarantun da majami'u suke gudanarwa da kuɗin gwamnati, kwamiti ya rubuta yarjejeniya bayyananniya kan addu'ar safe da darasin addini da sutura, a karanta wa iyaye ita kafin a ɗauki yaro.

vii. Sarakunan Hausawa da limamai su naɗa wakilin ilimi a kowace unguwa, su kuma daidaita lokutan Islamiyya da na boko yadda ɗaya ba zai ci ɗaya ba.

6.0 Kammalawa

A wannan sharhi mun duba tsarin kwamitin gudanar da makarantun firamare, muka auna shi da halin da unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu suke ciki. Mun nuna cewa tsarin yana da kyakkyawar manufa, amma rabon kujerunsa da shirunsa kan harshen taro sun sa yana iya cika ba tare da baƙo ba, kuma mayar da makarantu ga majami'u a Anambara ya ƙara wa batun nauyi. Mun kuma nuna cewa manhajojin Hausa guda biyu da muke da su ba su dace da yaron da ya gaji harshen a wajen ƙasar Hausa ba, sannan shugabannin zango suna da nasu kason na gyara. Daga cikin shawarwarin da muka bayar, ta biyu da ta uku ba sa buƙatar sabuwar doka ko kasafi mai yawa, shugaban makaranta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma za su iya fara aiwatar da su daga zangon karatu mai zuwa. Ta huɗu kuwa aikinmu ce mu masu tsara manhaja, kuma babu wanda zai yi mana ita.